Kwak Na Ƙoli: Ƙwayar Da Gajeren Rai Ya Tona Asirin Juyinta

Duk wanda ya yi wasan katantanwa yana yaro ya san ba wani aiki ba ne gane yadda take juyawa. Ka murza ta da yatsu biyu, ka sake ta a kan rairayi, ido kawai ya ishe ka. To yanzu a ce an ba ka wata katantanwar da ido ba ya ganinta, babu gilashin ƙara girma da zai nuna maka ita, kuma tana ɓacewa tun kafin haske ya ratsa faɗin cibiyar atom guda. Sannan aka ce ka faɗi ina juyinta ya fuskanta. Irin wannan aikin ne ɗaruruwan masana fiziks suke yi a cibiyar bincike ta CERN, kuma a kansa karatuna na gaba da digiri yake. Yau zan yi ƙoƙarin bayyana yadda ake yin sa, da dalilin da ya sa ƙwaya ɗaya tak daga cikin danginta ce ta yarda a yi mata wannan leƙen asiri.

Wane ne kwak na ƙoli?

Mu fara daga abin da muka koya a sakandare. Komai da muke taɓawa an gina shi ne da atom. A tsakiyar atom akwai cibiya mai ɗauke da furoton da nutiron, ilektaron kuma suna kewaye da ita. A shekarar 1964, Murray Gell-Mann da George Zweig, kowanne a nasa ɓangaren, suka kawo shawarar cewa furoton da nutiron ɗin ma ba su ne ƙarshen zance ba, akwai wasu ƙananan ƙwayoyi a cikinsu. Su ne ake kira kwak.

A yau mun san kwak iri shida ne. Biyu marasa nauyi su ne suka gina furoton da nutiron, wato su ne a jikina da jikinku. Sauran huɗun sun fi nauyi, ba sa daɗewa, sai a wurin da ƙwayoyi suka yi karo mai tsanani ake samunsu. Mafi nauyi a cikinsu shi ne wanda Turawa suka raɗa wa suna top, mu kuma a nan za mu ce masa kwak na ƙoli.

An daɗe ana jiransa. Tun 1973 wasu masana biyu 'yan Japan, Makoto Kobayashi da Toshihide Maskawa, suka nuna cewa lissafi yana buƙatar rukuni na uku na kwak. A 1977 aka gano ɗaya daga cikin 'yan rukunin, wanda ake yi wa laƙabi da harafin b, a cibiyar Fermilab da ke kusa da Shikago a Amurka. Ɗan'uwansa kuwa sai da aka shafe shekara 18 ana nemansa. A watan Maris na 1995 ƙungiyoyin bincike biyu, CDF da D0, suka sanar da gano shi a na'urar gwara ƙwayoyi ta Tevatron, a Fermilab ɗin dai.

Abin da ya sa ya yi wuyar samu shi ne nauyinsa. Da ma'aunin da muke amfani da shi, furoton yana da nauyin kusan GeV 0.94. Kwak na ƙoli yana da kusan GeV 172.5, wato ninkin furoton sau 184. Nauyinsa ya kusa daidai da na atom ɗin tangistan guda cur, ƙarfen nan da ake yin zaren cikin tsohon ƙwan fitila da shi, wanda furoton 74 da nutiron fiye da 100 ne a cibiyarsa. Amma shi na ƙoli, iya binciken da aka yi, ɗigo ne kawai da ba a ga komai a cikinsa ba. Babu wata ƙwayar asali da muka sani da ta kai shi nauyi.

Mene ne juyi?

A 1922, a birnin Frankfurt na Jamus, Otto Stern da Walther Gerlach suka harba atom-atom na azurfa ta tsakanin maganaɗisu. Kowane atom ɗin azurfa ɗan ƙaramin maganaɗisu ne. Tunda kowanne zai iya fuskantar ko'ina, abin da tsohon lissafi ya ce shi ne za su watsu a kan allon da aka tara musu, wasu sama, wasu ƙasa, wasu tsakiya. Ba haka aka gani ba. Gida biyu suka rabu, rabi sama rabi ƙasa, tsakiya wayam. A 1925 George Uhlenbeck da Samuel Goudsmit suka kawo shawarar cewa ilektaron yana da wata siffa tasa ta kansa mai kama da juyawa. Daga baya aka gane ita ce ta raba azurfar nan gida biyu.

A nan sai mun yi hattara da misalin katantanwa. Katantanwa tana iya gudu, tana iya lafawa, tana iya faɗuwa ta tsaya. Juyin ilektaron ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, ba ya tsayawa. Siffa ce da aka san shi da ita, kamar nauyinsa da cajinsa. Abin da ke canzawa kawai shi ne inda juyin ya fuskanta. Don a gane fuskar, ka naɗe yatsun hannunka na dama su bi yadda abu yake juyawa, inda babban yatsanka ya nuna nan ne fuskar juyin. Ga kuma abin mamakin: duk layin da ka zaɓa ka auna, gabas da yamma ne ko sama da ƙasa, amsa biyu kawai za ka samu, ko yana tare da layin ko yana gaba da shi. Babu tsaka-tsaki. Ilektaron, furoton da dukkan kwak shida haka suke.

Kada a ɗauka zancen takarda ne kawai. Na'urar MRI da ake ɗaukar hoton cikin jiki da ita a asibiti da juyin furoton ɗin da ke cikin ruwan jikinmu take aiki. Maganaɗisun da ke jikin lasifika ma, asalinsa juyin ilektaron ne masu ɗimbin yawa da suka fuskanci wuri guda.

Alherin gajeren rai

To me ya sa ba a auna juyin sauran kwak ɗin kai tsaye? Saboda kwak ba ya zama shi kaɗai. Akwai wani ƙarfi da ke ɗaure su, mu kira shi ƙarfin ɗauri, wanda wasu ƙwayoyi da ake kira guluwon suke ɗauke da shi. Da zarar an samar da kwak a wurin karo, wannan ƙarfi zai haifar masa da abokan zama, ya ɗaure su tare su zama dunƙule. A cikin dunƙulen nan juyinsa yana cuɗanya da na abokansa. Kafin labari ya iso na'urarmu, yawancin bayanin ya riga ya dagule. Kamar ka zo bin sawun mutum ne bayan garken shanu ya bi ta wurin.

Kwak na ƙoli ne kaɗai ya tsira daga wannan, kuma gajeren rai ne ya tsirar da shi. Saboda tsananin nauyinsa, yana rayuwa na kimanin sakan 5×10⁻²⁵. Idan kana son rubuta wannan lamba, ka rubuta sifili, ka sa ɗigo, ka jera sifili 24, sannan ka sa 5. A cikin wannan lokacin haske da kansa, da duk gudunsa, kusan kashi ɗaya cikin goma na faɗin furoton kawai zai iya ci.

Mu faɗaɗa lokacin don hankali ya kama. A ce rayuwar na ƙoli sakan ɗaya ce. Ƙarfin ɗauri yana buƙatar sakan biyar zuwa goma kafin ya gama ɗaure shi da abokai. Dagula fuskar juyinsa kuwa sai an ɗauki sama da rabin awa. Kun ga kenan ya riga ya mutu tun ba a kai ga ɗaure shi ba, balle a dagula shi. Juyin da aka haife shi da shi, da shi yake mutuwa.

Kuma juyi ba ya ɓacewa haka kawai. Akwai doka a fiziks da ta ce jimillar juyi kafin wani abu ya faru da bayan ya faru dole ta zo ɗaya. Saboda haka idan na ƙoli ya mutu, sai ya bar wa magadansa gado. Aikinmu shi ne mu je wurin magadan mu karanta abin da aka bar musu.

Magadan

Da na ce ya mutu, ba wai fashewa yake yi kamar tulu a ga abin da ke ciki ba. Rikiɗa yake yi ya zama wasu ƙwayoyin da da ba sa nan. Kusan kowane lokaci abu biyu yake zama: kwak ɗin b, da wata ƙwaya mai nauyi da ake kira W. Ita ma W ba ta daɗewa. Kusan sau biyu cikin uku takan rikiɗe ta zama kwak biyu marasa nauyi, waɗanda muke gani a na'ura kamar feshin ƙwayoyi. Sauran sau ɗayan kuma sai ta zama lefton mai caji tare da nutirino. Lefton sunan dangin ilektaron ne: shi ilektaron ɗin, da muwon wanda ya ninka shi nauyi kusan sau 200, da tau wanda ya fi su duka nauyi. Nutirino kuwa ba shi da caji, yakan ratsa na'ura ya wuce ba tare da ya bar alama ba.

Ƙarfin da ke gudanar da wannan rikiɗa daban yake da ƙarfin ɗauri. Rarraunan ƙarfi ake ce masa, kuma yana da wani hali da ya girgiza masana lokacin da aka gano shi: yana bambanta dama da hagu. Kafin 1956 an ɗauka cewa duk abin da ya faru a duniyar ƙwayoyi, hotonsa na madubi ma zai iya faruwa daidai wa daida. Tsung-Dao Lee da Chen-Ning Yang suka ce ba a taɓa gwada wannan a kan rarraunan ƙarfi ba. Chien-Shiung Wu ta gwada da sinadarin kobal-60 a Amurka, sakamakon ya fito a farkon 1957. Ta jera juyin cibiyoyin kobal ɗin suka fuskanci wuri guda, sai ta ga ilektaron ɗin da ke fitowa sun fi yawa ta ɓangaren da ke gaba da juyin. Ashe rarraunan ƙarfi bahago ne.

Wannan bahagwancin shi ne makullin aikinmu. Da a ce bai damu da dama ko hagu ba, da magadan sun fita ta ko'ina daidai wa daida, ba mu koyi komai ba. Amma tunda yana da zaɓi, lefton ɗin da ya fito daga na ƙoli ya fi son bin inda juyin kakansa ya fuskanta. Lissafin ya fito tsaf: idan ka tara na ƙoli 100 da juyinsu ya fuskanci sama, kana tafe tare da su yadda za ka gan su a tsaye, kimanin lefton 75 za su fita ta rabin sama, 25 ta rabin ƙasa. Fita ta ƙasa sak kuwa kusan ba ta faruwa. A ma'aunin da muke auna amincin mai kawo labarin juyi, wanda ƙarshensa 1 ne, lefton mai caji ya ci kusan 1 cif. Kwak ɗin b kusan 0.4 yake samu, kuma shi ɓangaren da ke gaba da juyin ya fi so. Wato jika ya fi ɗa riƙe amanar gadon.

Ku lura da abu guda: lefton ɗaya ba ya gaya maka komai tabbatacce, don yana iya kasancewa cikin 25 ɗin nan. Sai ka tara dubbai, ko miliyoyi, sannan siffar ta fito.

Yadda ake aikin

A nan ne babbar na'urar gwara ƙwayoyi ta LHC ta shigo. Zobe ne mai kewayen kilomita 27, kusan mita 100 a ƙarƙashin ƙasa, a kan iyakar Faransa da Suwizalan kusa da Jeniba. Ana koro furoton ta ɓangarori biyu da gudun da ya kusa na haske, a gwara su a wasu wurare na musamman. Dunƙulen furoton suna haɗuwa duk bayan kashi 25 cikin biliyan na sakan. Daga 2015 zuwa 2018 ƙarfin karon TeV 13 ne, daga 2022 aka ɗaga shi zuwa 13.6. Tevatron, wadda aka rufe a 2011, 1.96 ta kai. Manyan na'urorin ganowa biyu, ATLAS da CMS, su ne ke ɗaukar hoton abin da ya fito.

Yawanci na ƙoli ba ya fitowa shi kaɗai, tare da kishiyarsa yake zuwa. Kowace ƙwaya tana da kishiya mai nauyi iri ɗaya da nata amma caji akasi. A LHC, kusan kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan tagwaye daga karon guluwon biyu suke fitowa. Tsakanin 2015 da 2018, an samar da tagwaye sama da miliyan 100 a ATLAS, haka ma a CMS.

Mafi tsabta a cikinsu su ne waɗanda duka W biyun suka ba da lefton, musamman ɗaya ilektaron ɗaya muwon. Na'ura tana auna waɗannan da kyau. Matsalar ita ce nutirino biyu sun gudu da nasu kason. Sai mu koma lissafi: mun san nauyin W, mun san nauyin na ƙoli, mun kuma san cewa abin da ya fita gefe dole ya daidaita, idan ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗaya to akwai wanda ya fice ba a gani ba. Da waɗannan sharuɗɗa ake ƙiyasta inda nutirino suka bi, a sake gina tagwayen. Sannan a mayar da kowane lefton yadda za a gan shi idan ana tafe tare da kakansa, a auna kusurwa.

Wannan mataki na ƙarshe ya taɓa ba ni kunya. Karon farko da na gwada a kan bayanan kwaikwayo na kwamfuta, zanena ya fito a karkace, kishiyar abin da ake tsammani. Na kwana biyu ina murna a ɓoye, ina ganin ko na yi tuntuɓe da wani sabon abu. Ashe na manta ne cewa lefton ɗin kishiya ba bin juyin kakansa yake yi ba, guje masa yake yi. Alamar ragi guda ɗaya ce na bari a baya. Tun daga ranar nake fara zargin kaina kafin in zargi duniya.

Abin da aka gano

Gwaji na farko a kan juyin W ne. Ita W fuska uku juyinta yake iya ɗauka idan aka kwatanta da hanyar da take tafiya: dama, hagu, ko kuma ba dama ba hagu. Daidaitaccen Tsari, wato ƙa'idar da ta tattara abin da muka sani game da ƙwayoyi, ya yi hasashen cewa a rikiɗar na ƙoli kusan kashi 69 cikin 100 za su zama ba dama ba hagu, kusan 31 hagu, dama kuwa kusan babu. Dalili shi ne rarraunan ƙarfi yana fitar da b a bahago, kuma idan b bahago ne, jimillar juyi ba za ta daidaita ba idan W ta zama ta dama. Da za a ga W na dama da yawa, da mun san akwai wani sabon ƙarfi a ɓoye. ATLAS da CMS sun auna, kuma abin da suka samu ya dace da hasashen.

Na biyu, wani lokacin rarraunan ƙarfi ne yake samar da na ƙoli, shi kaɗai ba kishiya. An fara tabbatar da wannan a Tevatron a 2009. Irin waɗannan ana haifarsu da juyinsu kusan duka a fuska guda, kuma awon LHC ya nuna hakan.

Na uku shi ne tagwayen. Ƙarfin ɗauri bai san dama da hagu ba, don haka idan ka dubi na ƙoli kaɗai a cikin tagwaye, juyinsa ko'ina yake fuskanta. Amma idan ka dubi su biyun tare, akwai alaƙa: sanin na ɗaya yana ba ka labari a kan na ɗayan. D0 ta ga alamun wannan, sannan a 2012 ATLAS ta tabbatar da shi da ƙarfin hujjar da ake buƙata kafin a ce an gano abu.

Sarƙaƙiya

A nan zancen ya ƙara daɗi. Alaƙa iri biyu ce. Akwai ta yau da kullum: ka raba takalmi ƙafa biyu a jaka biyu, ka aika ɗaya Zariya ɗaya Maraɗi. Wanda ya buɗe ta Zariya ya ga ƙafar dama, nan take ya san ta Maraɗi hagu ce. Babu abin mamaki, tun daga gida aka raba su haka.

Akwai kuma wadda fiziks ɗin kwantam ya zo da ita, wadda za mu kira sarƙaƙiya. Ƙwayoyi biyu suna iya kasancewa a wani hali da babu ɗayansu mai fuskar juyi tasa ta kansa, amma duk layin da ka zaɓa ka auna su, za ka same su akasin juna. Ka auna gabas da yamma, akasi. Kudu da arewa, akasi. Sama da ƙasa, akasi. Albert Einstein da abokan aikinsa biyu sun nuna rashin gamsuwarsu da wannan a 1935. A 1964 John Bell, ma'aikacin CERN, ya nuna yadda za a gwada shi. Gwaje-gwajen da aka yi da ƙwayoyin haske ne suka sa Alain Aspect, John Clauser da Anton Zeilinger suka samu kyautar Nobel ta 2022.

Ta yaya za a bambanta alaƙar takalmi da sarƙaƙiya a tagwayenmu? Layuka uku ne muke da su. Idan kowace ƙwaya tana da fuskarta tun daga haihuwa, alaƙar da ke tsakaninsu kamar kwano ɗaya ne da za a raba wa mutum uku: idan layi ɗaya ya cinye duka, sauran biyun ba su samu komai ba, idan an raba daidai kowa ya samu sulusi. Ko ta yaya aka raba, matsakaicin ba zai wuce ɗaya bisa uku ba. A cikakkiyar sarƙaƙiya kuwa kowane layi kwanonsa cike yake. Wannan matsakaicin ne ake kira D, ana kuma rubuta shi da alamar ragi idan juyin akasin juna ne. Idan D ya gangara ƙasa da −1/3, to labarin takalmi bai isa ya bayyana abin ba.

A 2021 Yoav Afik da Juan Ramón Muñoz de Nova suka nuna cewa ana iya samun D daga kusurwa ɗaya kawai, wadda ke tsakanin lefton biyun. Suka kuma nuna inda za a duba: tagwayen da aka haifa da ƙarfin da bai wuce nauyinsu ba sai kaɗan, wato masu tafiya a hankali. A nan ne guluwon biyu suke haifar da su da juyi akasin juna ta kowane layi. Tunda lefton ɗaya yana bin juyin kakansa ɗayan kuma yana guje wa nasa, sai su biyun su fi son fuskantar wuri guda.

A watan Satumba na 2023 ATLAS ta sanar da sakamakonta, aka buga shi a mujallar Nature a 2024. A tagwayen da jimillar nauyinsu ke tsakanin GeV 340 da 380, ta samu D kusan −0.54. CMS ta biyo baya da kusan −0.48, sannan ta ga sarƙaƙiya a tagwaye masu tsananin gudu ma. Wannan ne karon farko da aka ga sarƙaƙiya tsakanin kwak biyu, kuma ba a taɓa ganinta a ƙarfin da ya kai wannan ba.

Gyara biyu kafin mu wuce, don na ga yadda aka yi ta yaɗa labarin a Facebook. Sarƙaƙiya ba hanyar aika saƙo da gudun da ya fi na haske ba ce. Kowane mai awo sakamakon caca yake gani a gabansa, sai an haɗa bayanan biyu alaƙar take fitowa. Sannan wannan ba cikakken gwajin Bell ba ne irin na masu Nobel. Su suna zaɓar layin da za su auna, mu kuwa rikiɗar ce take yi mana awon, kuma mun dogara da Daidaitaccen Tsari wajen fassara ta.

Ɗaurin da aka ce ba zai yiwu a gani ba

Sakamakon ATLAS ya zo da wani ɗan ƙari: alaƙar da aka auna ta fi ƙarfin wadda manhajojin kwaikwayo suka yi hasashe. Me aka bari a baya?

Sauran kwak masu nauyi sukan ɗaure da kishiyoyinsu su zama ƙwaya guda. Ta haka ma aka gano b a 1977. Na ƙoli kuwa an daɗe ana cewa ransa bai kai ya yi cikakken ɗauri ba. Sai dai lissafi ya nuna cewa idan tagwayen suna tafiya a hankali ƙwarai, suna iya ɗan jan juna, su yi musayar guluwon na ɗan lokaci kafin ɗayansu ya mutu. Ana kiran wannan hali toponiyam, kuma yawancin masana sun ɗauka ya yi ƙanƙanta a gan shi a LHC.

A 2025 CMS, wadda ta fita neman wasu sababbin ƙwayoyi masu kama da Higgs, ta ba da rahoton rarar tagwaye daidai bakin iyakar nan, kusa da ninki biyu na nauyin na ƙoli. Abin da ya taimaka wajen tsamo su daga cikin tarin sauran shi ne juyi: rarar tana da siffar akasin juna ta kowane layi, irin wadda ake tsammani daga toponiyam. A watan Yulin shekarar ATLAS ta ce ita ma ta ga haka a nata bayanan. Har yanzu ana aikin tantancewa ko toponiyam ne zalla, ko kuwa wata sabuwar ƙwaya ce da nauyinta ya faɗo daidai wurin. Toponiyam ɗin ne dai bayanin da ya fi sauƙi.

Me ake nema a ƙarshe?

Mun san Daidaitaccen Tsari bai cika ba. Bai faɗi mene ne baƙin abun nan da ke riƙe da tarin taurari ba, bai kuma bayyana dalilin da ya sa ƙwayoyi suka rinjayi kishiyoyinsu a duniya har muka samu kanmu a nan ba. Na ƙoli, da yake shi ne mafi nauyi, shi ya fi kowa mu'amala da ƙwayar Higgs da aka gano a 2012, don haka da yawa suna ganin idan akwai sabon abu, a kusa da shi zai fara leƙowa. Sabuwar ƙwaya tana iya yin nauyin da LHC ba za ta iya samar da ita ba, amma ta ɗan karkata kusurwar lefton. Ƙidayar tagwaye kaɗai ba lallai ta nuna wannan ba, kusurwa tana iya nunawa. Shi ya sa ake jiran gyaran da zai ƙara yawan karo a LHC, wanda ake sa ran zai fara aiki wajen 2030.

Ga ɗalibai masu sha'awa: CERN tana sakin wani ɓangare na bayanan karon nan kyauta a intanet, har da waɗanda aka sauƙaƙa don koyo. Da kwamfutar tafi-da-gidanka, da ɗan sanin Python, da haƙurin data da wuta, kana iya zana kusurwar lefton da hannunka daga Kano ko Damagaram. In ka gwada zanen ya fito a karkace, ka duba alamar ragi tukuna.

Masu tambaya su ajiye a ƙasa, zan amsa gwargwadon iko. A rubutu na gaba, in Allah ya yarda, za mu duba nutirino, ɗan gudun hijirar nan da ya ba mu wahala a yau.